A Kankare Ko A Bari? Gardamar Gasasshen Fenti a Rumfunan Walda na Isa da Sabon Birni

Da ruwan sama ya ɗauke, ƙasa ta fara tsagewa a fadamun Gagare da Bunsuru, sai injinan ban ruwa su fara fitowa daga ɗakunan ajiya. Daga Bafarawa zuwa Isa, daga Isa zuwa Sabon Birni, manoman albasa da tattasai da shinkafar rani kan ɗaure su a bayan babur su nufi rumfar mai walda, domin da wuya a sami injin da bai ji jiki ba a bara: wani ƙafarsa ta karye, wani bututun da ya kewaye shi ya tsage saboda jijjiga. Wannan bututu, wanda ake kira firam, yakan zo daga kamfani sanye da wani baƙin fenti mai sheƙi da taurin gaske, wanda fetur da tina ba sa yi masa komai. Mai walda na son ya kankare shi kafin ya taɓa ƙarfen. Mai inji kuwa yana ganin fentin nan shi ne rigar da ke tsakanin dukiyarsa da tsatsa. A nan gardama ke tashi, kuma ko wane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Abin da ake gardama a kansa ya sha bamban da fentin gwangwani da aka saba shafawa a ƙofa. Asalinsa busasshiyar hoda ce, mai laushi kamar garin alkama, wadda aka haɗa da dangin roba da launi. A masana'anta ana rataye ƙarfe a fesa masa hodar da wata bindiga da ke ɗora mata wutar lantarki mai ƙarfin da kan kai bolt dubu 100, sai hodar ta manne wa ƙarfen kamar yadda ɗan guntun takarda ke manne wa biro idan yaro ya goga shi a gashin kansa lokacin hunturu. Daga nan a tura shi tanderu mai zafin digiri 180 zuwa 200 na kamar minti 10 zuwa 20. Hodar ta narke, ta malale, ta daskare ta zama fata guda. A yawancin irinta, wannan gashi yana canja ta ne gaba ɗaya, yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye, shi ya sa abin da ke narkar da fentin gwangwani ba ya cin ta. Kaurinta bai wuce na takardar littafi ba, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, amma ta fi fentin buroshi jure duka da rana nesa ba kusa ba.

Fasahar ba ta tsufa sosai ba. Wani Bajamushe, Erwin Gemmer, shi ne ya fito da hanyar tsoma ƙarfe mai zafi cikin hoda a shekarun 1950, sai a shekarun 1960 aka samo dabarar fesawa da lantarki a Turai. Yau da wuya a shiga gida a ƙasar nan ta Gobir ba a tarar da ita ba: a jikin firam ɗin janareta, da akwatin inbata, da gadon ƙarfe, da firji, da sassan babur da keke. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, manoma da masu shaguna da yawa sun karkata zuwa sola, sai akwatuna da sandunan ƙarfe masu irin wannan fenti suka ƙaru a kasuwa, gardamar kuma ta ƙaru tare da su.

Masu cewa a kankare sun fi yawa cikin masu sana'a, kuma hujjarsu ta farko ba ta da makawa. Gasasshen fenti ba ya barin wutar lantarki ta ratsa shi. Injin walda kuwa ba ya aiki sai wuta ta fita ta sandar walda, ta bi ta cikin ƙarfe, ta koma ta wayar da aka maƙala a jikinsa. In aka maƙala wayar a kan fenti, sanda ba za ta kama ba, ko ta kama tana yankewa. Wanda ya yi ƙarfin hali ya ɗora walda a kan fentin, to robar za ta ƙone, hayaƙinta ya shiga cikin narkakken ƙarfe ya bar ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Daga waje waldar ta yi kyau, ciki kuwa fanko ce. Injin ban ruwa yana wuni yana kaɗawa a bakin rijiya, don haka irin wannan ɗinki ba ya kai wa girbin albasa. Mai inji ya dawo yana zargin mai walda da ha'inci, alhali shi ne ya hana a kankare.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi rai. Masu haɗa sola da wayarin gida suna ɗaura wata waya daga jikin akwatin ƙarfe zuwa sandar da aka kafa a ƙasa, domin in wata waya ta goge ta taɓa akwatin, wutar ta sami hanyar gudu ba ta jikin mutum ba. To idan aka ɗaure wannan wayar ƙasa a kan fenti, an yi aikin banza, domin tsakaninta da ƙarfen akwai katanga. A rijiyar burtsatse mai aiki da sola, inda aka jera faifai da yawa, wutar kan kai ɗaruruwan bolt, ga ƙasa a jiƙe, ga yara ba takalmi suna jiran layin ruwa suna jingina da sanduna. Duk wanda ya hango wannan ya san cewa faɗin ɗan yatsa na fenti a ƙarƙashin noti bai kai a yi jayayya a kansa ba. Haka abin yake a babur, inda firam ɗin kansa ke zama hanyar komawar wuta zuwa batir. Sau da yawa fitilar da ke lumshewa, ko hon ɗin da ya shaƙe, ko sitatar da ke ƙin juyawa, matsalarsu ba ta wuce fenti ko tsatsa a wurin da aka ɗaure baƙar waya ba, amma sai a yi ta canja kaya masu tsada.

Akwai kuma maganar haɗuwar ƙarfe da ƙarfe. Idan hoda ta shiga haƙoran noti, kaurinta yakan zama kamar ninki huɗu a wurin ɗauri saboda yadda haƙoran suke a karkace, sai noti ya cije a rabin hanya, wanda ya matsa masa da ƙarfi ya cinye haƙoran. Gidan boris ma haka: an auna shi ne daidai wa daida, ɗan ƙarin kauri na iya sa boris ya shiga a karkace. Inda kuma inji ke zaune a kan firam, fentin da ke ƙarƙashin noti yana lotsewa a hankali saboda zafi da jijjiga, sai ɗaurin da aka yi tamau ya saki bayan 'yan makonni. Manyan masana'antu sun san da haka, shi ya sa suke toshe ramukan noti da roba mai jure zafi, su liƙe wuraren haɗi da tef kafin fesawa. Kayan da ke zuwa da araha ba kullum ake yi musu wannan kulawa ba, sai aikin ya faɗo kan ɗan bakanike a kasuwar ƙauye.

Masu cewa a bari ba su da yawan hujjoji haka, amma wadda suke riƙe da ita babba ce: abin da aka cire ba ya komawa. Fentin gwangwani in ya goge, a sayo wani a shafa. Wannan kuwa sai da bindigar fesawa da tanderun da zai ɗauki firam ɗin gaba ɗaya, kayan da ba na rumfar kasuwa ba ne, sai manyan wuraren aiki a birane irin su Kano da Kaduna da Legas. Ga wanda ke Bafarawa, ko zuwa Sakkwato ma shawara ce da ake kwana a kanta. Mutanen yankin ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona saboda 'yan bindiga, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomin gabashin jihar Sakkwato. Wanda ya rayu cikin wannan hali ya koyi cewa abin da ke hannunsa shi ne nasa, kuma ba ya son a taɓa lafiyayyen wuri da sunan gyara.

Tsoron nasu yana da tushe a yadda tsatsa ke aiki. Kafin a fesa hoda, kamfani kan wanke ƙarfe ya shimfiɗa masa wani siririn sinadari da ke taimaka wa fenti kamawa, kuma giranda tana tafiya da shi duka. Da zarar an buɗe ƙofa, danshi ya sami shiga, tsatsa ba ta tsayawa a inda aka kankare. Takan bi ta ƙarƙashin fentin tana rarrafe, a sama komai lafiya, sai wata rana fentin ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon rogo, a tarar ƙarfen ya cinye. Wani zai ce ai ƙasar Gobir busasshiya ce, ruwan sama bai wuce wata huɗu ba. Gaskiya ne ga gadon da ke cikin ɗaki. Amma injin ban ruwa a cikin laka yake zama tun daga dashe har girbi, kusa da buhunan takin zamani, wanda gishirinsa ke hanzarta cin ƙarfe. Bututun firam kuma siriri ne, sau da yawa kaurinsa bai fi milimita ɗaya da rabi ba. Yaron shago mai nauyin hannu, in ya kwantar da giranda a kansa, yana cire fenti yana cire nama, sai wurin da aka zo ƙarfafawa ya fi da rauni.

Sai maganar kasuwa, wadda masu sana'a kan raina amma mai kaya ba ya rainawa. Mai sayen babur na hannu, fentin kamfani yake fara dubawa. In ya ga an kankare an shafa wani, zuciyarsa ta ba shi cewa babur ɗin ya taɓa faɗuwa, kuɗi ya ragu. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne lambar firam da aka buga a wuyan babur. A yankin da jami'an tsaro ke yi wa ko wane babur kallon tuhuma, ɗan gogewa kusa da wannan lamba na iya jawo wa mai gaskiya tambayoyin da bai shirya musu ba. A nan masu cewa a bari sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma bai kamata wani ƙarfe mai kaifi ya kusanci wurin ba.

A ganin mai wannan rubutu, ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda hayaniyarsu ke nunawa. Manomin da ke hana a kankare, in aka zauna da shi, ba wurin waldar yake karewa ba. Abin da ya taɓa gani ne ke ba shi tsoro: an kawo ƙaramin gyara, an ƙone rabin firam. Ainihin saɓanin yana kan yadda ake cirewa da kuma iyakar wurin da za a cire.

Hanya mafi sauri ita ce wuta, kuma ita ta fi kwanta wa mutane a rai. Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, unguwar Maƙera Assada ta birnin Sakkwato shaida ce, kuma maƙeri ya gaji sanin cewa wuta ke ladabtar da ƙarfe. Wasu masu walda na karkara daga gidajen ƙira suka fito, ko a hannun 'ya'yan maƙera suka koya. Don haka in fenti ya yi taurin kai, sai a kunna wutar gas a bi shi har ya yi baƙi ya zube. Masu goyon bayan haka suna cewa ai Turawa ma ƙonawa suke yi. Haka ne, amma a rufaffen tanderu mai ma'auni, wajen digiri 400, wanda ke dumama ƙarfen ko'ina daidai, kuma yake sake ƙone hayaƙin kafin ya fita. Harshen wutar gas ya haura digiri 3,000, kuma wuri ɗaya yake dukan ƙarfe. Fartanya da gatari masu kauri ne, suna ɗauka. Siririn bututu kuwa yakan lanƙwashe, firam ya karkace, inji ya daina zama daidai a kansa. In firam ɗin na alminiyam ne, kamar na wasu kekuna da sandunan sola, abin ya fi muni: ƙarfinsa na raguwa tun zafi bai yi nisa ba, kuma yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mai aiki ba.

Hayaƙin ma abin dubawa ne. Robar da ke ƙonewa tana fitar da abin da ke cin ido da maƙogwaro, kuma in akwai rufin zinki a ƙarƙashin fentin, farin hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, wanda ake ɗauka na sauro ne. Al'adar masu walda ce su sha madarar gwangwani bayan irin wannan aiki. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu ya shiga, ba sa haɗuwa a hanya. Abin da ke sa zuciya ta yi nauyi shi ne, wanda aka fi tura wa aikin ƙona fenti shi ne ƙaramin yaron shago, wanda ba ya iya ce wa maigidansa a'a.

Waɗanda suka ƙi wuta sukan koma ga ruwan cire fenti, suna cewa ba ya taɓa ƙarfe, ba ya lanƙwasa komai, yana shiga lungun da giranda ba ta kai ba. Duk gaskiya ne. Sai dai mafi ƙarfinsu, wanda ke iya tayar da gasasshen fenti cikin mintuna, yawanci yana ɗauke da sinadarin methylene chloride. In aka shaƙe shi, jiki na mayar da wani sashensa irin gubar hayaƙin janareta da ke kashe mutane a ɗaki. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce aƙalla mutum 88 ya kashe a ƙasar tun daga 1980. Ta hana sayar wa jama'a shi a matsayin maganin cire fenti a 2019, ta kuma haramta yawancin amfaninsa a 2024. Tarayyar Turai ta riga ta, tun a 2009 ta yanke shawarar hana shi. Ga wani abin da ya shafi Gobir kai tsaye: wannan sinadari yana tafasa ne a digiri 40, zafin da Sakkwato ke wucewa a watan Afrilu ko a inuwa. Ma'ana, a rumfar kwano da tsakar rana, kafin ya ci fenti ya riga ya zama tururi a fuskar mai shafawa. Akwai masu sauƙin haɗari da ake yi da benzyl alcohol, amma suna da jinkiri da tsada. Soda mai ƙuna da wasu ke jiƙa ƙarfe a ciki kuwa, tana cinye alminiyam, tana kuma makantar da ido in ta fantsama. Sannan ruwan da aka wanke, ina za a zubar da shi a garin da rijiya ba ta da zurfi? Maƙwabta a Zamfara sun ga abin da ƙurar dalma ta yi a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Sinadarin daban ne, amma hanyar ɗaya ce: aikin sana'a a tsakar gida, guba a ƙasar da yara ke wasa.

Feshin yashi da iskar kwamfiresa yana aiki sosai, kuma yashi ba ya tsada a bakin gulbi. Amma ƙurarsa na daskarar da huhu, cutar da ba ta da magani. Ingila ta hana shi a wuraren aikin ƙarfe tun 1949, Turkiyya ma ta hana masu koɗar da wandon jins yin amfani da shi a 2009 bayan samari sun mutu.

Abin da ya rage shi ne hanyar da ta fi kowacce gajiyarwa, kuma ita mai wannan rubutu yake goyon baya ba tare da ɓoye-ɓoye ba: hannu. A auna wurin da aiki ke bukata, a zagaye shi da tef, a tsaga iyakarsa da wuƙa mai kaifi domin fentin ya yanke a layi maimakon ya ɓare. Sannan a bi ciki da magagari ko sanfefa mai kaushi, a gama da mai laushi, a lallashe bakin fentin ya kwanta. Don walda, faɗin yatsu biyu ko uku a ko wane gefe ya isa, da wani ɗan wuri na maƙala waya. Don wayar ƙasa, faɗin washa kawai, kuma washa mai haƙora ta fi, domin tana cizon ƙarfe ta riƙe. Haƙoran noti ana bin su da abin yanka haƙora mai girman daidai, ko a sami tsohon noti a tsaga masa layi a gefe a murɗa shi a hankali. In za a sa giranda, a sa mata buroshin waya ko faifan sanfefa, kada a sa dutsen yanka, a kuma rufe ido da hanci.

Masu walda za su ce wannan ɓata lokaci ne, ga layin manoma na jira, ga man janareta na ƙonewa. Ƙorafin yana da gaskiya, domin aikin minti biyu da wuta zai ci minti goma sha biyar da hannu, kuma ba kowane mai kaya ne zai yarda ya ƙara ko sisi ba. Amma aikin hannu ba ya cin mai, ana iya yin sa kafin a tayar da janareta, kuma shi ne irin aikin da yaron shago zai yi ba tare da ya shaƙi abin da zai bi shi har girma ba. Mai inji da ya tsaya ya ga an zagaye ɗan wuri da tef, gardamarsa takan mutu tun kafin a fara.

Sai rabin aikin da aka fi mantawa da shi, wanda kuma shi ne ya haifi rashin yardar tun farko. Ƙarfen da aka tsiraita yana fara tsatsa cikin kwana ɗaya in da danshi. Da walda ta huce, a kakkaɓe ƙanzonta, a goge da tsumma mai tsabta, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa har ya hau kan bakin tsohon fenti, ya bushe, a bi shi da fentin mai sau biyu. Ba zai kai na kamfani ba, kuma duk mai walda na ƙwarai zai faɗa wa mai kaya haka, ya ce masa ya riƙa dubawa duk shekara. Wurin wayar ƙasa kuwa ba a shafa masa fenti kafin ɗauri. A ɗaure tukuna, ƙarfe kan ƙarfe, sannan a lulluɓe kan notin da giris ko fenti daga waje. Ƙaramin gwangwanin jan fenti ɗaya yana isar gyaran injina da dama, kuma ana samunsa a kasuwar Shinkafi ko wajen masu kayan gini a Isa da Sabon Birni. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne farkon hunturu, sa'ad da iska ta bushe, fenti ke kamawa da wuri, kuma injin bai riga ya sauka fadama ba.